Gonar da Muka Hutar

Alhamis, 16 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Iska ta kwanta. Yau ne na iya ɗaukar alƙalami.

Gida yana nan. Rumfar kaya tana nan. Ni da mijina Del muna nan. Na jera su a takarda ne don in gani da idona.

In na leƙa ta tagar kicin, duk abin da ke kudu da hanya baƙi ne ƙirin har inda sama ta sauka. Eka ɗari uku na ciyawarmu, wadda garma ba ta taɓa ba shekara ashirin, ta tafi shekaranjiya kamar ƙiftawar ido. Ta arewa da hanya, eka ɗari da sittin, tana tsaye jawur, ko a jikinta.

Shekarata sittin da takwas, ban taɓa ganin abu mai girman wutar nan ba. Bango ne ya tashi, ya fi rufin cocinmu tsawo, iskar arewa na tura shi, yana tafiya da ƙara kamar jiragen ƙasa goma sun jeru. Hayaƙi ya rufe rana har ta koma jar ƙwallo, ana iya kallonta ido da ido. Na ga bareyi da diloli suna gudu kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya kula da wani. Na tsaya a baranda baki buɗe. Ban yi addu'a ba, ban yi kuka ba, kallo kawai na yi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma tana da kyau. Ubangiji ya gafarta mini, tana da kyau.

Daga nan ta yi kudu, wajen maƙwabtanmu Orval da Twila Stucky.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Del ya ci abinci. Ya tambaye ni wa ya ƙona gonar kudu. Na ce ba a sani ba. Ya sake tambaya sau uku.

Juma'a, 17 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na dafa wake da nama na kai wa Twila. 'Yan kwana-kwana sun ceci gidansu, amma shinge mil tara ya tafi, turakun sun zama gawayi, waya a ƙasa.

Tana ganina ta ce, "Shigo, Verna, ki zauna, amma kada ki ce komai. Duk wanda ya zo sai ya faɗi wani abu, na gaji."

Na zauna, ban ce komai ba.

"Shanu saba'in da ɗaya," in ji ta. "Waɗanda wutar ta kashe nan take su ne masu sa'a. Sauran Orval ne ya bi su jiya da bindiga, ɗaya bayan ɗaya. Kin san shi, kowace saniya ya san uwarta da kakarta."

Muna zaune ya shigo, fuska duk toka, idanu jawur. Shekara arba'in muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin Orval ya zauna da hula a ka a cikin kicin ba sai yau. Ya sha ruwa, ya dube ni.

"Ina Del? Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

"Ki tsare shi a ɗaki. Hayaƙin nan bai yi wa tsofaffi irinmu kyau ba."

Saura kaɗan kofi ya suɓuce mini.

Asabar, 18 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Ban shiga rumfa ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Ina wanke labule ina tuna yadda muka fara. Ƙasar kudu yashi ce. Muna shuka alkama, iska na kwashe ta. Wata shekara sai da muka tone shingenmu da shebur. Sannan gwamnati ta zo da shirin hutar da ƙasa: ka daina noma gonar da iska ke ci, ka shuka ciyawar asali, ka bar ta shekara goma, su kuma su biya ka duk watan Oktoba. Del ya sa hannu. Mahaifinsa bai yi masa magana ba har bayan Kirsimeti. A gari ana yi masa ba'a: "Ga ma'aikacin gwamnati nan, aikinsa kallon ciyawa." Shi kuwa sai ya ɗaga hula ya ce, "Aiki ne mai wuya, ba ta zama wuri ɗaya."

Shekara goma ta cika, muka sabunta. Makware suka dawo. Idon ruwan da ke cikin kwazazzabo, wanda ya kafe tun ina amarya, ya sake tsattsafowa.

A cikin sharuɗɗan akwai ƙona ciyawar da gangan bayan 'yan shekaru, don ta sabunta. Ana yi ne a watan Maris, ranar da babu iska, da maƙwabta da motocin ruwa. Duk gundumar nan ba wanda ya kai Del sanin wannan aiki. Shi ake kira. Yana tafe a gaba da butar wutarsa, man dizal na ɗiga ta baki yana kamawa, wuta na bin sa a baya kamar karen gida.

Shekara biyu ke nan ba a kira shi ba. Kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa. Ni ma ba zan rubuta sunan da likita ya ba abin ba.

Amma watan Maris ne. Jiki ya san wata ko da kai ya manta.

Lahadi, 19 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Muna tsaka da waƙa ta biyu a coci sai tagogi suka fara rawa. Fasto ya yi shiru. Muka fita duka.

Tireloli ne, maƙare da nannaɗaɗɗiyar busasshiyar ciyawa, a jere tun daga gada har bayan tudu. Na ƙirga talatin da huɗu na bari. Daga jihohi masu nisa: daga Iowa, daga Missouri, har daga Dakota. Ba wanda ya aika musu. Wata mata ta sauko daga ta farko, ƙafafunta sun sage, ta ce awa goma sha ɗaya take tuƙi. Orval ya cire hula ya ce, "Baiwar Allah, ai ba ku san mu ba." Ta ce, "Mun san shanu. Ina za a sauke?"

Manyan maza suna kuka a bakin titi ba kunya. Ban san mutane suna da wannan a cikinsu ba.

Da muka sauka ɗakin cin abinci na coci, Harlan Pruitt, mai babbar gonar alkama a yammacinmu, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"To, Verna, gwamnati za ta biya ku kuɗin tokar ma, ko sai ciyawa? Shekara ashirin ana ɗibar harajinmu ana biyan mutane su tara mana makamashi a bakin ƙofa."

Wasu suka gyaɗa kai. Kafin in buɗe baki Twila ta ajiye cokali.

"Harlan, bakinka ya fi wutar gudu. Ƙasar gonarka da ke shigo mini ta taga duk bazara, wa ke biyana kuɗin shara? Ci burodinka ka bar mata."

Aka yi dariya. Ta dafa hannuna a ƙarƙashin tebur. Da ma ba ta tare mini ba.

Litinin, 20 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na shiga rumfa. Ƙusar da Del ke rataye butar wutarsa tana nan. Butar ba ta nan.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ranar Talatar da aka yi gobarar, da safe, maganin Del ya ƙare. Na bar shi yana gyangyaɗi a kujera, na je gari. Minti arba'in. Makullin a-kori-kura na cikin gwangwanin fulawa, inda nake ɓoye shi tun bara. Da na dawo na same shi zaune a cikin motar a tsakar gida, injin na aiki, yana murmushi. Hannunsa na warin dizal. Na shigar da shi ɗaki, na wanke masa hannu. Ban gama goge su ba na ga hayaƙi.

Falwayar wutar lantarki ma ta faɗi a bakin hanya a safiyar nan, iska ta karya ta. Kowa ya gani. Kowa ita yake faɗi.

Laraba, 22 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mai binciken gobara ya zo, mutum mai ladabi, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya ce wutar ta tashi ne daga gefen gonarmu ta kudu, kusa da falwayar. Ya tambaya ko na ga wani abu. Na ce na ga hayaƙi. Ba ƙarya na yi ba.

Del ya ba shi hannu ya ce, "Ka zo neman aiki ne? Sai girbi."

Alhamis, 23 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Del ya ci abinci. Ni ban ci ba.

Asabar, 25 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

'Yarmu Joleen ta zo daga birnin Wichita. Babanta ya kira ta da sunan ƙanwarsa, ta amsa. Da ya kwanta muka zauna a kicin, na faɗa mata komai. 

"Wa kika faɗa wa?"

"Ke kaɗai."

"To ya tsaya a nan, Mama. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. In maganar nan ta fita, lauyoyi za su cinye gonar nan har da ƙofar gida. Kuma ba ki ma san ko shi ne ba."

"Ban sani ba."

"To kin gani. Ki ji ni da kyau. Yarjejeniyar ta ƙare bana. Kada ki sabunta. Harlan ya kira ni, zai karɓi hayar ƙasar ya noma, kuma abin da zai bayar ya fi na gwamnati. Da shi za mu sa Baba a gidan kula da tsofaffi, ke ma ki yi barci kamar mutum."

"Harlan ya kira ki? Tokar ba ta ko huce ba."

"Mama, ciyawa ce fa. Ciyawa."

"In aka sa mata garma, cikin shekara biyu ƙasar za ta tashi sama. Na ga ta tashi, ke ba ki gani ba."

"Ni Baba nake gani. Ke ma ki dube shi."

Ba ta yi ƙarya ba. Shi ya sa na ji haushi.

Talata, 28 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Ruwa. Ba mai yawa ba, yayyafi ne tun asuba. Duk duniya warin jiƙaƙƙiyar toka take. Na tsaya a ciki har rigata ta manne.

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Iska ta dawo da ƙarfi. Gonar Harlan da ya kafce ta tashi, launin ƙasa ya rufe yamma. Tamu da ta ƙone ƙurmus ko motsi ba ta yi ba. Tana kwance baƙa, iska na wucewa ta kanta, ba ta samu abin ɗauka ba. Me ke riƙe da ita?

Asabar, 1 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu na rana

Na farka na ɗauka idona ne ya lalace. Baƙin ya yi wani shuɗi-shuɗi. Na sa wa Del takalmi muka tsallaka hanya.

Tsiro ne. Daga tsakiyar kowane ƙonannen tushe, sirara kamar allura, kore shar, ba iyaka. Kwana goma sha takwas da wutar da ta narkar da gilashin mota. Na durƙusa na taɓa, sun yi laushi kamar gashin jariri.

Del ya ja ni zuwa kwazazzabo, inda ruwa ya zaftare gaɓa. A nan ana ganin ƙasa a tsaye kamar an yanka burodi. Saiwoyi ne, sun sauka sun fi tsawon mutum biyu, a sarƙe kamar gashin da ba a taje ba. Shekara ashirin ina taka kansu.

Ya ce, da muryarsa ta da, wadda na yi wata shida ban ji ba, "Kin gani, Verna? Abin da ke sama hula ce kawai. Mai hular yana ƙasa. Wuta hula take ɗauka."

Ya kira sunana. Na riƙe numfashi kada abin ya tashi. Muka tsaya muna kallon ruwan idon yana gangarowa ta cikin toka, garai-garai. Can ya juyo ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce? Kina da kirki."

A hanyar komawa na ga butar. Tana kwance a cikin tsiron, taku talatin daga inda falwaya ta faɗi. Ta yi baƙi, ta lotse. Ba yadda za a yi mutum ya gane ko a kunne take lokacin da ta faɗi, ko wuta ce ta same ta a nan. Na cusa ta cikin rigar sanyina kamar ɓarauniya.

Lahadi, 2 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Ban je coci ba. Butar tana cikin buhu a bayan mota.

Litinin, 3 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Na je ofishin gona na gwamnati. Marisela, wadda ke riƙe da takardunmu tun tana sabuwar ma'aikaciya, ta zagayo tebur ta rungume ni. Ta ce ranar ƙarshe ta sabuntawa sha huɗu ga wata. Ta ce mutum shida sun zo sun ce ba za su sabunta ba, suna tsoron bakin mutane.

Sannan ta rage murya. "Akwai wani abu. Saboda gobarar an ba da izini na musamman. Ciyawar da ba ta ƙone ba, ana iya sakin shanu a ciki kwana sittin. Taki ta arewa ita ce mafi kusa da su Stucky, kuma shingenta lafiya lau."

Shanu arba'in da uku suka rage wa Orval, da 'yan maruƙansu, a matse cikin garke ɗaya. Ciyawar taimako ba za ta kai ƙarshen wata ba. In ta ƙare sai kasuwa, kuma mutum mai shekara saba'in ba ya sake tara garke.

Na karɓi kwafin takardar. A hanya na biya ta gidansu. Twila ta karanta, ta sa gefen riga ta rufe fuska. Ta ce, "Verna, ke 'yar'uwa ce, ba maƙwabciya ba." Ta hana ni tafiya sai da na ci abinci a teburinsu. Na ci. 

Laraba, 5 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

In suka saki shanunsu a ciyawata suna gode mini, na saye su ke nan ba su sani ba.

Alhamis, 6 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi.

Na sami Orval a garke yana zuba ruwa. Na ɗora buhun a bayan motarsa na buɗe. Bai tambayi mene ne ba. Sau nawa ya bi bayan butar nan da jiƙaƙƙen buhu a hannu. Harafin sunan Del na nan a gindinta, inda ya karce da ƙusa.

"A ina?"

"Bakin hanya. Taku talatin daga falwaya."

"Ya kunna ta?"

"Ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Na bar shi minti arba'in, Orval, na je sayo magani. Na dawo na same shi a mota, hannunsa na warin mai."

Ruwa ya cika kwami yana zuba a kan takalminsa, bai kashe ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Warin, tun ranar. Butar, kwana biyar."

"Kika zauna a teburina ranar Litinin."

"Na zauna."

Ya juya yana kallon shanun. Ya ce, "Akwai wata mai farin goshi. Idanunta sun tafi, kunnuwa sun tafi. Ta ji muryata ta taso wajena da kanta. Ta ɗauka na zo da magani ne."



"Ɗauki kayanki ki tafi, Verna, kafin in faɗi abin da ba ya komawa."

Na ɗauka. Ban yi gida ba, na wuce gari na kai wa mai bincike. Ya juya ta, ya rubuta duk abin da na faɗa, ya karanta mini, na sa hannu. Ya ce buta da falwaya duk suna cikin wurin da wutar ta tashi, kuma ruwan sama ya wanke sauran shaida. "Ba zan iya rantsewa a kan ko ɗaya ba, Uwargida Hladik. Haka zan rubuta. Abin da maƙwabta za su yi da shi, wannan nasu ne."

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Na kira Joleen. Ta yi ihu, ta yi kuka, ta kashe waya. Bayan minti goma ta sake kira ta ce, "Kin ci abinci?"

Lahadi, 9 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Gari ya ji. Mun shiga coci, magana ta ɗauke. Twila ta koma bencin gaba, ba ta waiwayo ba. Del ya yi waƙoƙin duka, baiti bayan baiti, ba tare da littafi ba. Ni na kasa.

Harlan bai ce uffan ba. Ya riƙe mana ƙofa. Ban san me zan yi da wannan ba.

Litinin, 10 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Ba mota a hanya. Del ya ci abinci.

Talata, 11 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Ba mota a hanya.

Laraba, 12 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Gari na wayewa na ji wata ƙara daga kudu, kamar ana hura bakin kwalba, da yawa, daga nesa. Na san ta, amma rabona da ita tun ina yarinya a gonar mahaifina. Na tashi Del, na naɗe shi da bargo, muka shiga mota na tuƙa a hankali zuwa kan tudu, na kashe inji.

Kajin dawa ne. Zakaru goma sha tara, na ƙirga sau biyu, a kan ƙonannen fili inda tsiro ya kai tsawon yatsa. Suna buga ƙafa da sauri har ido ba ya bi, sun tayar da gashin wuya kamar ƙaho, sun kumbura jakar maƙogwaro ja kamar lemu, suna tsalle suna juyi a sama. Matan na yawo a gefe kamar ba su gani ba. Rana ta fito ta bayansu, raɓa ta kama wuta a kan kowane tsiro, daga ƙafarmu har ƙarshen duniya.

Daga ina suka zo? Wa ya gaya musu? A wurin nan ne shanun mutum suka fara mutuwa, a wurin nan ne kuma ake wannan rawa, wata ɗaya bai cika ba. Ƙasar ba ta tambayi wa ya yi laifi ba. Ban ce hakan daidai ne ba. Na ce dai na gani, kuma tsigar jikina ta tashi.

Del ya riƙe hannuna har suka watse.

Alhamis, 13 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na sa hannu. Shekara goma. In na kai, ina da saba'in da takwas. Marisela ta ce, "Kin tabbata? Ba wanda zai ga laifinki in kin fasa." Na ce ai masu ganin laifina sun riga sun yi layi, ƙarin mutum ɗaya ko biyu ba komai.

In Orval ya kai ƙara, wataƙila wani ne zai karɓi kuɗin Oktoba. To, ya karɓa. Ko wane ne, zai same ta da sharaɗin ba garma.

Na yarda da Joleen a kan abu ɗaya. Daga Litinin wata mata za ta riƙa zuwa kwana uku a mako ta zauna da Del. Ba zan sake barin sa shi kaɗai ba, ko na minti ɗaya.

Takardar kiwo tana nan a ofis, in ji Marisela. Ba wanda ya zo ya sa hannu.

Asabar, 15 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu na rana

Ina wanke kwanonin karin kumallo na ji kukan shanu.

Suna tahowa ta hanya, Twila a gaba da mota tana tafiya kamar hawainiya, buhun dusa a baya, shanun na bin ta, Orval a kan doki a ƙarshe. Wasu da tabon ƙuna a gadon baya, ruwan hoda, gashi bai fito ba. Maruƙa na tsalle a gefe.

Kafin in ajiye tsumma Del ya fita. Na bi shi da gudu. Ya nufi ƙofar gonar arewa. Mutumin da ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa ya dafa turke da kafaɗa, ya zare wayar, ya ja ƙofar gefe, ya tsaya daidai inda ya kamata mutum ya tsaya don kada su firgita.

Ta gaba ta tsaya, ta shinshina, ta shiga. Sauran suka bi. Ciyawar ta haɗiye su har gadon baya. Maruƙan suka ɓace gaba ɗaya, sai motsin kan ciyawa ke nuna inda suke. Shekara ashirin ba kofaton da ya taka wurin. Sai kukan ya tsaya. Ba ka jin komai sai ƙarar tsinka da tauna, baki arba'in da uku a lokaci ɗaya.

Orval ya tsayar da doki kusa da ni. Bai sauko ba, bai dube ni ba.

"Jiya na sa hannu. Ba don ke ba ne. Ciyawar taimako ta ƙare."

"Na sani."

"Kuma ban ce ya wuce ba. Akwai safiyar da nake tashi ba na son ganin ko rufin gidanku."

"Na sani, Orval."

"Wani lauya ya zo har gida. Na ce ya ba ni lokaci. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba."

Sai Del ya ɗaga murya daga bakin ƙofa. "Orval! Waccan mai yankakken kunne ɗingishi take. Ƙafar baya ta hagu. Kai makaho ne?"

Orval ya miƙe a kan sirdi ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Wata guda tana gabana a garke, ban gani ba."

Ya goge fuska da hannun riga. Ya juya dokin, sannan ya tsaya.

"Gobe ƙarfe bakwai zan zagaya su kafin coci. Ki kawo shi. Ki zo tare da shi, makulli a aljihunki."

Na ce to.

Twila ba ta fito daga mota ba. Da za ta wuce, ta ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari.

Del ya rufe ƙofar, ya gwada wayar sau biyu, ya tambaye ni shanun wa ne waɗannan. Na ce na maƙwabta ne.

Ya ce, "To a kula da su da kyau."